Wa Ke da Ikon Bindiga a Ƙasar Gobir? Tarihin Doka da Makami a Sabon Birni da Isa

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, waɗanda suke gabashin Jihar Sakkwato inda ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi yake taruwa cikin Gulbin Rima, suna cikin yankunan da bindiga ta fi yi wa ɓarna a Nijeriya tun daga 2019, amma babu ɗayansu da doka ta ba ikon cewa ga wanda zai riƙe makami, ga wanda ba zai riƙe ba. Shugaban ƙaramar hukuma a nan yana halartar jana'iza, yana raba hatsi ga waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, yana amsa tambayar gwamna idan an kai hari, alhali ko bindigar toka guda ɗaya ba ya da hurumin yi mata rajista. Wannan giɓi tsakanin nauyi da iko ya samo asali ne daga yadda hurumin makami ya yi ta nisa da garin a hankali, daga fadar sarki zuwa ofishin En'e, daga can zuwa Legas, sannan Abuja.

A zamanin da Alƙalawa take babban birnin Gobir, wadda kufanta yake kusa da Sabon Birni na yau, ƙarfin yaƙi yana ga doki da mashi da takobi da kwari da baka, bindiga kuwa kayan fada ce mai wuyar samu, wadda fatake suke kawowa ɗai-ɗai ta Sahara ko daga bakin teku. Ruwayar jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta nuna cewa Sarkin Gobir Yunfa ya ɗana wa Shehu bindiga a fadarsa gab da hijirar 1804, sai ta fashe ta ƙone shi kansa, kuma ko wane irin karatu aka yi wa labarin, ya isa shaida cewa makamin yana hannun sarki ne kuma ba abin dogaro ba ne sosai. Alƙalawa ta faɗi a 1808 ba tare da bindiga ta taka wata muhimmiyar rawa ba. Shaida mafi bayyana ta fito daga Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye garin Gobirawa na Konya a 1826: a cikin dubun-dubatar mayaƙa, bindigogin da ya lissafa arba'in ne da 'yan kai, a bayan ganuwa kuwa bindiga ɗaya tak Gobirawa suke da ita, amma ita ce ta kayar da na gaban 'yan lifidi, wato mahayan da suke lulluɓe kansu da dawakinsu da rigar auduga mai kauri wadda kibiya ba ta ratsawa. Abin da bindiga ɗaya ta yi a ranar ya bayyana dalilin da ya sa sarakuna suka ƙi sakin ta ga kowa.

Garuruwan biyu kansu 'ya'yan wannan yaƙi ne. Bayan karon Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, ragowar Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi suka ci gaba da kai farmaki, Daular Sakkwato kuma ta tsare gabasta da ribaɗi, wato garin da aka kafa a bakin iyaka aka zuba malamai da mayaƙa domin tsaro, kuma Isa na cikin irin waɗannan garuruwa, a hannun gidan Muhammadu Bello mai riƙe da sarautar Sarkin Gobir na Isa. Sabon Birni ya biyo baya a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, lokacin da Ɗan Halima, ɗan sarautar Gobir, ya ɓalle daga Tsibiri ya yi amana da Sakkwato. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindigogi sun ƙaru a daular, amma kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, sarakuna sun fi damƙa su ga bayinsu na amana, domin bawan fada ba ya da gidan sarautar da zai nemi gado da ita. Ba a rubuta doka mai sassa da lambobi ba, sai dai albarushi yana taskar sarki, maƙera suna ƙarƙashin Sarkin Maƙera, maharba suna da nasu shugaba, kuma mutum ba ya shiga gari da baƙon makami ba a sani ba. Tsarin yana da zaluncinsa, musamman ga waɗanda aka kama a hare-haren bayi, amma mai riƙe da makami sananne ne ga mai iko, da fuskarsa da gidan ubansa.

Turawa sun zo da nasu lissafi. Yarjejeniyar Burussal ta 1890 ta hana shigar da bindigogin zamani ga 'yan Afirka a faɗin yankin da ya kama daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara mai ɗuri ta baki da albarushin kasuwa, kuma daga nan aka gaji rabon da yake nan har yau: makami mai inganci na gwamnati ne, talaka kuwa sai harba-ka-ruga. Bayan Ingila ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903, yarjejeniyoyinta da Faransa na 1904 da 1906 da aikin kafa turakun iyaka da ya biyo baya sun raba Gobir gida biyu, Tsibiri ta faɗa wa Faransa, Sabon Birni da Isa suka zama gundumomin hakimai a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, wato hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta. Harkar bindigar maharbi ta zauna a wannan mataki, domin mai unguwa ya san maharbin, dagaci ya rubuta sana'arsa a takardar haraji, hakimi kuma yana da dogarai da 'yan doka da za su je su ɗauko ta idan ta yi ɓarna. Tawayen Satiru na 1906, wanda mutanensa suka karya rundunar Turawa da gatura da fartanya da kibau kafin a dawo a shafe garin, ya ƙara wa mahukunta tsoron duk wani makami da ba su ƙidaya ba.

Dokar Makamai da ta fara aiki a 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, irin su igwa da mashinga da bindigogin soja da fistol, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Na biyu bindigogin amfanin kai ne, kamar ta harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu, kuma Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne mai ba da izininsu. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, waɗanda aka bar wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ya tsara da yardar gwamna. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata, ta kuma hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba, abin da ya mayar da tsohuwar sana'ar wasu maƙera aikin ɓoye. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, ya bar hakimi da rawani ba tare da sanda ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya rufe zancen: makamai da harsasai da abubuwan fashewa suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka, sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda, jadawali na huɗu kuma, wanda ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ya ba ta ikon lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale, da kula da kasuwa da tasha da mayanka, bai ambaci bindiga ba.

Muddin makamin da yake yawo a karkara na maharbi ne, wannan tsari bai nuna rauninsa ba. Bindigar toka aiki ne mai cin lokaci: a zuba albarushi ta baki, a tura tsumma a danna da sanda, a zuba guntayen ƙarfe ko dalma, a sake toshewa, a ɗana, kuma idan damina ta jiƙa albarushin sai ta ƙi tashi. Kafin mai ita ya sake ɗuri, mai AK-47 ya zazzage harsashi 30 ya sauya wani gidan harsashin. Irin wannan makami ya malalo Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, ya haɗu da wanda yake sulalewa daga rumbunan gwamnatoci da filayen yaƙin yankin, ya bi hanyoyin da fataken shanu da 'yan sumogal suka daɗe da sani ta iyakar da dangi ɗaya suke zaune a ɓangarorinta biyu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai tana nan a rubuce, amma ba ta tsayar da babur a daji. Rikicin da ya tsiro a Zamfara ya tsallako ta Shinkafi zuwa Isa, kuma ranar 27 ga Mayu, 2020 aka kashe fiye da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, duk a ƙasar Sabon Birni. Dubban iyalai suka tsallaka zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi. A watan Disamba na 2021 aka ƙone motar fasinja a Gidan Bawa da aƙalla mutum 23 a ciki, a daidai lokacin da sunan jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya zama abin da ake faɗa da ƙasa-ƙasar murya, ƙauyuka da dama kuma suke tara kuɗin da aka aza musu kafin a bar su su yi noma ko girbi.

Martanin hukumomin jiha ya nuna iyakar ikonsu ƙarara, domin duk abin da suka iya taɓawa na kewayen bindiga ne. Umarnin da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a farkon Satumba na 2021 ya rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ya hana sayar da fetur a jarka, ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, daga baya kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Matakan sun takura wa maharan na ɗan lokaci, sai dai sun fi cin talaka, wanda ya rasa kasuwar akuyarsa ya kuma rasa hanyar kiran agaji. Da jama'a suka ga babu mai zuwa, sai 'yan sa-kai suka yawaita, wato matasan da suka ɗauki makami da kansu ba tare da rajista ko shugabancin da hukuma ta sani ba, saɓanin 'yan banga da suke aiki da sanin 'yan sanda. Ba a musun cewa sun tsare garuruwa da dama, amma kisan mutum 11 da aka danganta da su a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a watan Oktoba na 2021, da harin da ya biyo baya a kasuwar Goronyo inda fiye da mutum 40 suka mutu, sun nuna cewa makamin da babu mai tuhumar mai shi yana hukunta ƙabila ne a madadin mai laifi, ramuwar kuma tana sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Gwamnatin jiha ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a watan Nuwamba na shekarar.

A Zamfara, Gwamna Bello Matawalle ya gwada ɗaya hanyar a watan Yuni na 2022, da ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga ta hannun masarautu 19 na jihar, nan take Kwamishinan 'Yan Sanda ya ce takunkumin ba da lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor kuma ya ce gwamna ba ya da wannan hurumi. Ta fuskar doka gaskiya suka faɗa, amma amsar ta bar manomin Sabon Birni da na Isa inda yake: idan ya sayi bindiga a ɓoye, dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadar masa tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, idan bai saya ba kuma ya dogara da ofishin 'yan sandan da ke nesa da shi. Raba bindigogi ga kowa ba magani ba ne, kuma Mamande ta isa hujja. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a mayar da sanin mai makami matakin da ake sanin mutane, ta yadda mai unguwa da dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma za su tantance, su riƙe rajista, su amsa tambaya idan bindigar da suka tsaya wa ta kashe marar laifi, izini na ƙarshe kuma ya ci gaba da zama a hannun 'yan sanda.

Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Gwamna Ahmed Aliyu na Sakkwato ta ƙaddamar a 2024, bayan irinta ta Katsina a 2023 da Askarawan Zamfara, mataki ne zuwa wannan ɓangare, tunda ana ɗaukar 'ya'yan yankin ne a horar da su a biya su albashi, sai dai ta jiha ce, kuma irin makamin da za ta riƙe yana jiran amincewar Abuja. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, hukuncin da bai ƙara musu ko ƙwayar iko a kan makami ba. A ƙarshen wannan watan aka sace Sarkin Gobir na Gatawa a ƙasar Sabon Birni, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a hanyarsu ta komawa gida daga Sakkwato, a watan Agusta kuma aka tabbatar da kashe shi a hannun masu garkuwa, matasan Sabon Birni suka fito zanga-zanga har aka sa dokar hana fita. Duk wani sauyi da zai ba jiha ko ƙaramar hukuma hurumi a kan bindiga sai ya bi ta gyaran Kundin Tsarin Mulki, wanda yake buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da kuma amincewar majalisun dokokin jihohi 24 daga cikin 36.