Iskar Ramukan Kwal da Fitilar Davy

Duk wanda ya taɓa taka taɓon fadama da damina, ya ga kumfa tana tasowa daga ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, to, ya ga iskar nan da masana suke kira mitan, ko da bai san sunanta ba. Wani masani mutumin Italiya, Alessandro Volta, shi ya fara tara ta a kwalba cikin 1776, bayan ya zunguri taɓon bakin tafkin Maggiore da sanda, ya kuma tabbatar tana kama wuta. Amma tun kafin malamai su yi tahakikinta, masu haƙar kwal na Ingila sun riga sun san ta, sani irin wanda ake biya da rayuka.

Sababin haka kuwa, iskar tana ɓoye ne cikin jikin kwal, ba launi ba wari, kuma da yake ba ta kai iskar shaƙa nauyi ba, sai ta taru can rufin rami ta yi kwanto. Idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin, harshen kyandir guda ya isa ya mai da ramin kabari. Dabarar mutanen farko abin tausayi ce ƙwarai. Kafin leburori su sauka, sai a tura mutum guda, ya lulluɓe jikinsa da jiƙaƙƙen buhu, ya yi rarrafe da doguwar gora mai kyandir a bakinta, ya miƙa ta sama, sa'an nan ya kife fuskarsa ƙasa wuta ta wuce ta bisa bayansa. Wannan shi ne sana'arsa, da ita yake ciyar da iyalinsa.

Ranar 25 ga Mayu, 1812, ramin Felling da ke kusa da Newcastle ya fashe, mutum 92 suka halaka, da yawansu yara ƙanana. Limamin cocin yankin, John Hodgson, wanda ya yi jana'izarsu, bai yarda musibar ta wuce shiru ba, ya rubuta labarinta ya watsa, har aka kafa jam'iyyar neman magani, ita kuwa ta kai kuka ga wani masani, Humphry Davy. Cikin 1815 Davy ya gano cewa harshen wuta ba ya ƙetare rariyar waya mai ƙananan idanu, domin ƙarfen yana shanye zafin kafin ya isa ga iskar waje, saboda haka ya kewaye lagwanin fitila da irin wannan rariya. Bugu da ƙari, in mitan ta yawaita sai wani shuɗin harshe ya bayyana bisa wutar, ya zama gargaɗi ga mai riƙe da ita. Wani mutum, George Stephenson, shi ma ya ƙera tasa fitilar a shekarar, aka daɗe ana jayayya kan wanda ya riga wani. Abin da na fi girmamawa ga Davy shi ne ƙin da ya yi na mai da fitilar hajar neman dukiya.

Daga baya iskar ta zama baiwa mai hidima. Kulorofom ɗin da likita James Simpson ya fara gusar da azabar haihuwa da shi a Edinburgh cikin 1847 ɗan danginta ne, kuma daga gare ta ake ciro sinadarin da ake yin takin yuriya, wanda manomi yake barbaɗa wa masararsa.

Sai dai fa hikimar masani ba ta warkar da haɗamar mai rami ba. Da fitila ta samu, sai masu dukiya suka koma ramukan da dā aka ƙaurace musu don hatsari, suka ƙara nutsawa cikin ƙasa, alhali kuwa abin da ramin yake bukata na hakika shi ne a kora masa iska mai tsabta, wanda yake cin kuɗi. A ganina laifin a wuyansu yake. Kusan shekara ɗari bayan fitilar, cikin Oktoba 1913, ramin Senghenydd na ƙasar Wales ya fashe, ya ci mutum 439.