Taurarin roAp

Taurarin roAp wani rukuni ne na taurari masu ƙarfin maganaɗisu waɗanda jikinsu ke kumbura yana saɓewa cikin 'yan mintuna, galibi tsakanin minti 5 zuwa 24. Sun fi Rana zafi, nauyinsu kuma ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na nata. Canjin haskensu ƙanƙani ne ƙwarai, ido ba ya iya kama shi sai da na'ura.

Tarihi

A shekarar 1947 Horace Babcock ya auna maganaɗisu a jikin tauraron 78 Virginis. An daɗe ana zaton irin waɗannan taurari ba sa bugawa, domin ƙarfin maganaɗisun zai danne motsin iskar da ke jikinsu. A 1978 Donald Kurtz, yana aiki da na'urar hangen nesa a Sutherland ta Afirka ta Kudu, ya gano cewa hasken tauraron HD 101065 yana hawa da sauka duk bayan kimanin minti 12. Tauraron ne Antoni Przybylski ya lura da baƙon yanayinsa tun 1961. A 1982 Kurtz ya bayyana su a matsayin rukuni mai zaman kansa.

Yadda suke bugawa

Bugun igiyar sauti ce da ke kai da komowa a cikin tauraron. Mafi yawan masana na ganin tushenta wani sashe ne kusa da saman tauraron inda haidirojin ke tare zafi ya sake shi, sai iskar ta tashi ta koma. Maganaɗisun, wanda yakan kai dubban gaus (na Duniya kimanin rabin gaus ne), yana hana iska gauraya a ƙuryoyinsa biyu, a nan ne bugun ke samun ƙarfi.

Abin da ya bambanta su shi ne bugun ba ya bin sandar da tauraron ke juyawa a kanta. Ya fi karkata ga sandar maganaɗisu, wadda take a gicciye. Saboda haka yayin da tauraron ke juyawa, mai kallo daga Duniya yakan ga bugun ya yi ƙarfi, ya ragu, ya sake dawowa. Sau da yawa rabin tauraron na kumbura yayin da ɗaya rabin ke saɓewa.

Kamar yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya ji amonta, haka masana ke gane girma, nauyi da shekarun tauraro daga sautinsa. Kumbon TESS, wanda hukumar NASA ta harba a Afrilun 2018, ya ƙara yawan waɗanda aka sani.

Ganinsu daga ƙasar Hausa

Mafi haske a cikinsu shi ne Alpha Circini, mai bugawa duk bayan kusan minti 7. Daga Kano yakan ɗaga kimanin digiri 13 kacal a kudu, kusa da Alpha Centauri, da tsakar dare a farkon watan Mayu. Ƙura da fitilun unguwannin masana'antu kamar Sharaɗa da Challawa sukan rufe shi, don haka sai an fita bayan gari.