Lambobin Mazan Jiya: Tarihin da ke Kwance a Gindin Adaka

Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai mutanen da ba su da wani abin sha'awa da ya wuce tara lambobin soja. Sukan bi gidajen gwanjo suna saye, su jera su a akwatin gilashi, su yi ta bincike a kan mai kowace lamba da yaƙin da ya halarta. A Ingila har ƙungiya gare su, wadda aka kafa tun 1942. Daga cikin abubuwan da suke rububi kuwa akwai lambobin da ke ɗauke da sunayen kakanninmu.

Mu a nan, irin waɗannan ƙarafa suna kwance a gindin adaka a gidajen tsofaffin sojoji, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa. Idan mai su ya kwanta dama, sai yara su mai da su abin wasa, ko ɗan gwangwan ya ɗora su a sikeli tare da tsofaffin tukwane. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami. Wannan 'yar maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna wa mai karatu cewa kowace lamba takarda ce ta tarihi, kuma wani sashe na tarihin a ƙofar gidanmu aka rubuta shi.

Ire-iren Lambobi

Lambar soja iri uku ce. Akwai ta hula da ta kafaɗa, masu nuna rundunar da soja yake ciki. Akwai ta muƙami, wato igiya biyu ta kofur da igiya uku ta saje, sai kuma tauraron hafsoshi wanda muke kira anini, sunan ƙaramin kuɗin nan mai huda a tsakiya na zamanin Turawa. Ta uku ita ce wadda ake ratayawa a ƙirji da ɗan ƙyalle mai launi, ko dai don halartar wani yaƙi ko don nuna jarunta. Wannan ta ƙarshe ita ta fi yawan magana ga wanda ya iya sauraro.

Lambar da ta Faro daga Ƙofar Bebeji

Sojan Nijeriya yana danganta asalinsa ga 'yar rundunar da Kyaftin Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover saboda Hausawa ne suka cika ta. A 1897 aka ɗora wa Lugga alhakin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda lambar hularta bishiyar kwakwa ce. Da wannan runduna aka ci ƙasar Hausa.

Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji baƙar fata fiye da 700 da igwa huɗu, ya doshi Kano. Sarkin Kano Alu yana Sakkwato a lokacin. Garin farko da ya rufe ƙofa ya ƙi miƙa wuya shi ne Bebeji. Ranar 1 ga Fabrairu aka saita igwa aka fasa ƙofar garin, Sarkin Bebeji da wasu daga cikin mutanensa suka rasa rayukansu a wurin. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗi, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris, yaƙin kuma bai ƙare ba sai ranar 27 ga Yuli, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi.

Waɗanda suka yi wa Turawa wannan aiki an ba su lambar azurfa ta hidima a Afirka, wadda aka ƙirƙiro a 1902. A fuskarta akwai kan Sarkin Ingila Edward na bakwai, a bayanta kuma hoton wata mace da zaki suna fuskantar fitowar rana. Ƙyallenta rawaya ne mai baƙin gefe da ratsin kore biyu. A kan ƙyallen an gitta wani siririn ƙarfe da aka rubuta sunan Nijeriya ta Arewa da shekarar 1903. Akwai irinsa na 1906, na waɗanda suka je Satiru da Haɗeja. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a kewayen bakin lambar an buga lambar sojan da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa.

To, a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Ga Baturen da ya saye ta a gwanjo, wannan lamba kaya ce mai wuyar samu. Ga mutumin Bebeji kuwa, shaida ce ta ranar da aka fasa ƙofar garinsu. Sa'annan idan ya juya bakinta ya karanta, mai yiwuwa ne ya ga sunan Bahaushe ɗan'uwansa, domin da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki bindigar Hausawa ne da Yarabawa, wasunsu bayi ne da suka gudo suka sami mafaka a bariki. Littafin tarihin da muke koyar da ɗalibanmu yakan ce Turawa sun ci Kano, ya wuce. Lambar ita ba ta yarda a wuce ba, sai ta tambaye mu da hannun wa aka ci ta, kuma me ya kai mutum ga ɗaga makami a kan garin da ake magana da harshensa.

Gizo da Gammo

Mafi yawan lambobin da ke gidajenmu na Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. A 1941 birged ɗin sojojin Nijeriya ya shiga Mogadishu ya kori Italiyawa, ya nausa har cikin Habasha. Daga 1943 kuma aka kwashi manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, zuwa Indiya, daga nan suka shiga dazuzzukan Bama don karawa da Japanawa.

Alamar kafaɗar waɗannan runduna biyu abin lura ce ga duk mai sha'awar adabi. Ta 81 baƙin gizo-gizo ce a kan rawayan ƙyalle. An ɗauko shi daga tatsuniyoyin Asantawa na Gana, inda ake kiransa Ananse, amma wane Bahaushe ne zai ga wannan bai tuna da Gizo mijin Ƙoƙi ba, ƙaramin da ke kayar da manyan dawa da wayo? Ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Dalili shi ne, a tsaunukan Arakan da kwarin Kaladan mota ba ta shiga, don haka dubban sojoji aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da marasa lafiya a ka, da yawansu ba su riƙe da bindiga. Gammon da manomi ke naɗawa ya ɗauko dami daga gona shi ne ya zama tambarin runduna guda. Rundunonin biyu sun haɗu a yaƙin Myohaung cikin Janairun 1945, kuma sunayen wuraren da aka gwabza a can sun dawo gida sun zama sunayen barikoki, kamar Dodan a Legas da Dalet a Kaduna. Barikin Chindit na Zariya shi ma sunan dakarun musamman ne da bataliyoyin Nijeriya uku suka yi yaƙi a cikinsu a 1944.

Wanda ya je can an ba shi Tauraron Bama, mai tsini shida, da ƙyalle mai ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Wanda ya je Habasha yana da Tauraron Afirka. Sai dai akwai wani babban gibi, domin Ingila ba ta buga suna a jikin taurarin wannan yaƙi ba. Ke nan da zarar tauraro ya rabu da takardar sallamar mai shi, ko ya rabu da wanda ya san labarinsa, ya zama bebe har abada.

Misalin abin da ƙirjin mutum ɗaya zai iya faɗa shi ne na Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu, ya yi yaƙi a Afirka ta Gabas da Habasha da Bama, ya sami lambar jarunta, ya yi ritaya a 1953. Barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Shi an rubuta nasa. Dubban takwarorinsa kuwa sun dawo da lamba a ƙirji da kuɗin sallama da bai kai na Bature mai muƙami irin nasu ba, suka koma gona, labarinsu ya tsaya a bakin zaure.

Bayan Mulkin Kai

Da ƙasa ta zama jamhuriya a 1963, kambin sarautar Ingila ya sauka daga lambobin sojanmu. Tambarin rundunar ya zama gaggafa a kan tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai nuna cewa nasara daga Allah take. Sababbin lambobi suka shigo gidaje, akwai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta aikin Kwango daga 1960 zuwa 1964, inda barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa, akwai na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, akwai kuma na Laberiya daga 1990. Su ma ba su tsira daga gara da tsatsa da mantuwa ba.

Kammalawa

Idan har za mu yi sha'awar tara lambobi, bai kamata mu kwaikwayi mai sayen gwanjo ba, wanda ke raba ƙarfe da gidansu. Tarawa irin tamu ita ce a bar lamba a hannun magada, a tara labarinta. A ɗauki hotonta gaba da baya da baki, a rubuta sunan mai ita da garinsa da abin da 'ya'yansa suka ji daga bakinsa, a haɗa da takardar sallama idan tana nan. Kada a goge ta da toka ko yashi, domin rubutun bakin shi ke fara tafiya, kada kuma a cire tsohon ƙyalle don ya koɗe. Naɗe ta a farin ƙyalle mai tsabta a ajiye inda babu laima ya wadatar.

Wannan aiki ne da ɗaliban sakandare za su iya yi a hutu guda, kowa a unguwarsu, malaman tarihi su tattara, a kai kwafe Gidan Makama a Kano ko Gidan Arewa a Kaduna. Marubutanmu kuma da ke neman jigo, ga shi nan a gindin adaka, tun daga kurtun da ya tsaya a ƙofar Bebeji har zuwa mai gammon da ya haye tsaunukan Arakan. Ranar 15 ga Janairun kowace shekara hukuma takan ajiye furanni don tunawa da mazan jiya. Namu tunawar ita ce mu san sunayensu tun masu iya faɗa mana suna raye. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace.