Bayanin Shari'ar Rushe Kaburburan Tumbutu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai hukunci da adalci, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai neman sani, ka tambaye ni labarin alƙalan nan na garin Heg, cikin ƙasar Holan, waɗanda suka yi wa wani malami hukunci saboda rushe gini. To, ga abin da ya tabbata gare ni.

Ka sani, a shekara ta 1998 Miladiyya ƙasashe suka taru a Ruma, suka ƙulla alkawarin kafa kotu guda domin manyan laifuffuka, kamar kisan ƙare dangi da ta'adin yaƙi. Ta fara aiki a 2002. Sharaɗinta, ba ta sa hannu sai alƙalan ƙasa sun kasa ko sun ƙi.

Fasali. A 2012, wadda ta yi daidai da 1433 na Hijira, jama'ar Ansaruddin suka ci Tumbutu, suka naɗa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi bisa hisba. Mutum ne mai karatu. Da fari ya ba su shawara kada a taɓa kaburbura, don kada zukatan mutanen gari su juya. Da shugabanni suka ƙi, sai ya bi su, har shi ya rubuta huɗubar da aka karanta. Suka rushe ƙubbobi 9, cikinsu da ta Alƙali Sidi Mahmud, Allah ya jiƙansa, suka ɓalle ƙofar masallacin Sidi Yahya wadda aka daɗe ba a buɗe ta ba.

Hukumar Mali ta kai ƙara. Nijar ta miƙa shi a 2015, ya amsa laifinsa a gaban alƙalai, ya nemi gafarar mutanen Tumbutu. A 2016 aka yanke masa shekara 9, bayan haka aka ɗora masa diyyar yuro miliyan 2.7. An rage masa 2, ya fita a 2022.

Wani ɗalibi ya ce mini: ashe gini bisa kabari ba abin ƙi ba ne ga malamanmu? Na ce, haka ne, akwai magana cikinsa, kuma ba na ɓoye ta. Amma gusar da munkari da hannu yana da sharuɗɗa, daga cikinsu kada ya jawo abin da ya fi shi muni. Malamai nawa suka yi alƙalanci a garin nan, ƙarni bayan ƙarni, ba su ɗauki gatari ba? Kuma sa wa mayaƙi iyaka ba baƙo ba ne gare mu. Sayyidina Abubakar ya hori rundunarsa ga barin mata da yara da masu ibada cikin ɗakunansu, Shaibani kuma ya wallafa Siyar tun ƙarni na 2. Shi Ahmad, a ganina, aibinsa ya san daidai ya bar shi don bin shugaba.

Sai dai ban wanke kotun ba. Amurka da Rasha da Sin ba su cikinta, hannunta ya fi kaiwa ga mai rauni. Kuma mutanen Tumbutu da aka yi wa bulala sun jira har 2024 kafin a hukunta al-Hasan, babban ɗan sandan jama'ar nan, da shekara 10, alhali shari'ar gini an yanke ta tun 2016. A 2025 Mali da Nijar da Burkina Faso suka yi shelar fita daga cikinta.

Amma ƙubbobin, maginan Tumbutu sun mayar da su da laka da dutsen garinsu a 2015.

Tammat bi hamdillahi.