TARIHI: Me ya sa Git ke ƙin aiki da HTTPS?

Wani lokaci in ka haɗa Git da hannunka a Linux, ka zo yin clone, sai ka ga saƙon cewa ba a sami remote-https ba. Abin yana da asali.

A watan Afrilun 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiri Git, bayan an janye wa masu gina Linux damar amfani da BitKeeper kyauta. Masu gina Git ba su ƙera tasu hanyar HTTPS ba, sai suka jingina da libcurl, wadda Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2000. Shi ya sa in configure bai ga libcurl ba, sai ya tsallake ta shiru, Git ya haɗu babu HTTPS.

A da, mutane kan zagaya ta git://, wadda ba ta ɓoye bayanai. GitHub ta toshe wannan ƙofa a Maris 2022.

Maganin a Ubuntu: sudo apt install libcurl4-openssl-dev, sannan ka maimaita ./configure, make da sudo make install. Masu Termux a waya kuwa, pkg install git ya wadatar.