Daga Gwaiduwar Ƙwai Zuwa Injinan Mai na Bompai

Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta zama babbar hajar birnin, har aka kai ga dalar gyaɗa da ta ƙara fito da sunan Alhassan Ɗantata. Da farko ɗanyarta ake lodawa zuwa Turai. Daga baya aka kafa injinan matse mai a Bompai, sannan Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya. Fari na farkon shekarun 1970 da annobar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka sa masana'antu suka ƙara karkata ga angurya da waken suya.

Kowane iri aka matsa, ɗanyen man yakan fito da wani danƙo mai dagula shi. Masana suna kiransa fosfolifid, kuma shi ne ainihin abin da Allah Ya gina fatar kowace ƙwayar halitta da shi, ta gyaɗa ko ta mutum. Matsar iri tana farfasa wannan fata, sai ɓurɓushinta ya bi mai.

Wani Bafaranshe, Theodore Gobley, ne ya fara ware fosfolifid daga gwaiduwar ƙwai a 1846, daga baya ya raɗa masa suna lesitin. A 1925 Gorter da Grendel na Holan suka auna kitsen jajayen ƙwayoyin jini, suka ce fatar ƙwayoyin ninki biyu ce. Dalilin yana cikin surar fosfolifid: kai ɗaya mai son ruwa, da wutsiyoyi biyu masu gudunsa. A cikin ruwa sai kawunan su fuskanci waje, wutsiyoyin su ɓuya a tsakiya.

A 1976 wani masani, Israelachvili, da abokan aikinsa suka nuna cewa faɗin kai da kaurin wutsiya ne ke yanke hukuncin surar da za a samu. In sun yi daidai, kamar gwangwani, sai a sami shimfiɗa miƙaƙƙiya. In kan ya fi faɗi, ƙwayoyin sukan dunƙule su zama ƙananan curi. In wutsiya ta fi, sai fatar ta lanƙwasa ciki, abin da ƙwayar halitta ke buƙata wajen rabuwa ko haɗewa. Wutsiya mai karkata kuma tana hana fatar sandarewa.

Halin kai na son ruwa ne masu tace mai suke amfani da shi. Sukan ɗumama ɗanyen mai, su zuba ruwa kaɗan, kimanin kashi 2 cikin 100. Kawunan sai su kama ruwan, danƙon ya kumbura ya yi nauyi, injin mai juyawa da ƙarfi ya raba shi da mai. Abin da aka cire ba shara ba ne: in an busar da shi, shi ne lesitin mai haɗa ruwa da mai, wanda ake sakawa a cikin cakulan, biskit da abincin kaji.