Littattafan Ƙidayar Adar: Tsakanin Bincike da Rufin Asiri

Tun da Faransawa suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, ƙidayar jama'a ta zama abokiyar tafiyar haraji. Kwamanda yakan fita rangadi da tafinta, a tara mutane gaban mai gari, a rubuta sunan mai gida da matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa. Da yake kowa ya san abin da zai biyo baya, akan ɓoye samari a daji, a kora garke nesa. Saboda haka alƙaluman sun gaza gaskiya. Ƙidayar ƙasa baki ɗaya kuwa sai a 1977 aka yi ta farko a Nijar, sannan 1988, 2001 da 2012.

Duk da wannan naƙasa, takardun suna da amfani ƙwarai. Masu tsara yaƙi da jahilci za su ga inda Hausa da Tamajak da Fulatanci suka haɗu daga Tawa zuwa Keita da Abalak. Masanin harshe zai tsinci tsofaffin sunayen mutane da na garuruwa, ko da yake kunnen Bature ya karkatar da yawancinsu. Nicole Échard da Djibo Hamani, waɗanda littattafansu kan Adar suka fito a 1975, sun dogara ƙwarai ga tarihin baka, kuma takardun bariki su ne abin gwada shi.

Wuyar al'amarin tana arewacin Adar. Dokar 1905 ta haramta cinikin bayi a yankin mulkin Faransa, amma rahotannin bariki sun ci gaba da jera ƙungiyoyin Abzinawa bisa daraja, wasu 'ya'ya, wasu bayi ko 'yantattu. Benedetta Rossi ta nuna a littafinta na 2015 yadda zuriyar bayi suka sake matsayi ta hanyar ƙaura, da rungumar Hausa, da yin shiru game da asali. Nijar ta mai da bauta laifi a 2003, amma har yanzu akan binciki asali kafin a ba da aure. Shafi guda daga ma'ajiyar takardun tarihi ta Yamai yana iya warware abin da gida ya shekara ɗari yana rufewa.

Wasu ƙasashe sun yanke wa'adi: Amurka shekara 72, Ingila shekara 100. Nijar ta kafa dokar samun bayanan hukuma a 2011, da ta kare bayanan mutum a 2017. Sai dai wa'adi ba ya warkar da ciwon Adar, domin gorin asali ba ya mutuwa tare da mai sunan; jikoki ne ke gadonsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a buɗe jimillar kowane gari ga kowa, mai bincike ya karanta sunaye bisa alƙawarin ba zai buga su ba, zuriya kuma a ba ta shafin kakanta idan ita ta nema.